Tabarmar Takwara

Rediyon Inna ƙarami ne, baƙi, bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake soka wa kart memwar, ɗan katin da ake zuba wa murya, a gefe. Ni na sayo mata shi a Maraɗi shekarar da idanunta suka gama rufewa. Kafin nan ba mace ba ce mai zama wuri ɗaya. In ba ta wajen awaki tana wajen sussukar wake, in ba ta nan to tana gidan suna ko gidan gaisuwa. Da hasken ya tafi, sai duniyarta ta dawo rumfar ƙofar ɗakinta: tabarma biyu, buta, da wannan ɗan akwati da nake ɗora wa caji a pano, faifan wutar sola, kowace safiya kafin in tafi lakol, makarantar da nake koyarwa.

Abin da take saurare labari ne mai tsawo, kashi-kashi, wanda wani mutum daga can ƙetaren iyaka ya rubuta, kuma shi yake karantawa da bakinsa. Labarin wa da ƙane ne, makiyaya, da suka ɓata a kan rijiyar gado, har ƙanen ya kora shanunsa arewa yana rantsuwa ba zai sake shan ruwanta ba. Mutumin nan, Allah ya ba shi murya. Yakan yi ta tsohuwa, ya yi ta dillali, ya yi kukan saniyar da aka raba da ɗanta, har awakinmu su ɗaga kai. Inna a wajen Korahane ta tashi, cikin noma da kiwo, saboda haka ba ta barin kuskure ya wuce. In ya ce an shayar da garke da tsakar rana a wata kaza, sai ta danne maɓalli ta ce ƙarya yake yi, bai taɓa jan guga ba. Da la'asar matan unguwa sukan taru a rumfar, kowace da abin hannunta, ana ji ana gardama. Wannan sa'ar ita ce ranar Inna gaba ɗaya, sauran lokacin jiranta take yi.

Mu uku ta haifa da suka rayu. Yaya shi ne babba, dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro. Sai ni, malamar lakol, da na dawo gida na zauna da ita bayan rasuwar maigidana. Sai ƙanenmu da ya tafi karatu Faransa tun muna da sauran ƙuruciya, ya yi aure can, ya zama mutumin waya. Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa doguwar magana. Ko yana tsugune a gabanta, ni take juyo wa ta ce, “Ki hwaɗa ma wancan ramin masai ya cika.” Shi ma in yana da magana mai nauyi ba ya kai mata, sai ya tare ni a zaure. Tun ban san ciwon kaina ba ni ce bakin kowa a gidan nan, kuma aiki ne da ba a yin ritaya daga gare shi.

Yaya ya daɗe yana tare ni a kan rediyon. Wasu shekaru da suka wuce ya bar zuwa maulidi, ya ɗage wando, ya canza masallaci. Na bar shi, addininsa ne. Amma tun daga nan sai ya zama mai binciken abin da ke shiga kunnen mutane. A gidansa ya hana 'ya'yansa kallon wani wasan yara a tele, wai an turo masa saƙo cewa masu yinsa suna goyon bayan namiji ya auri namiji. Ya hana waƙoƙin wani mawaƙi saboda an gan shi a zawiya. To mai labarin Inna shi ma ɗan ɗarika ne, bai ɓoye ba, kowane kashi da begen shehinsa yake buɗe shi.

“Ke da kin yi boko,” in ji Yaya, “ki bar tsohuwa tana kwana tana tashi da muryar ɗan bidi'a?”

Na ce, “Yaya, labarin shanu ne.”

“Da shanun shika jawo ku.”

Nakan ce to, in wuce. Ba na kai wa Inna, shi kuma ba ya iya kaiwa da kansa. Haka muka yi ta tafiya, kuma da an bar mu a haka da mun kai ƙarshen labarin lafiya.

Sai ga babban hutu, ƙanenmu ya aiko mana da 'yarsa ta yi wata guda. Tana jami'a a can, rabonta da Dakoro tun tana goye. Sunan Inna aka sa mata, saboda haka babu mai iya kiran sunan a gidanmu, Takwara kowa ke ce mata. Inna ta yi shekaru tana tambayar yaushe za a kawo mata ita. Ranar da ta sauka daga kar, babbar motar fasinja, doguwa, da jaka a baya kamar mai tafiya ci-rani, Inna ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, ta ce hancin nasu ne, sauran kuwa Allah ya sani. Yarinyar ta ce mini Tanti, Inna ta ce ba a yi Tanti a gidanta ba, Gwaggo za ta ce.

Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, Inna kuwa ba ta da Faransanci ko na sayen gishiri. Na ɗauka zan wuni ina tafinta. Ashe rediyon zai ɗauke mini. Da la'asar Inna ta sa aka shimfiɗa wa Takwara tabarma a damanta, ta kama wuyan hannunta, ta kunna. In an zo wurin da ta ga yarinyar ba za ta gane ba, sai ta tsayar, ta yi mata bayani da hannu da baki. Ta ja igiyar da babu, ta ce guga. Ta yi kukan ɗan saniya, ta ce maraƙi. Takwara tana maimaitawa, matan unguwa suna faɗuwa da dariya, ita ma tana yi. Kafin mako ya zagayo ta san wane ne wa, wane ne ƙane, har ta ɗauki ɓangare. Tana bayan ƙanen, Inna tana bayan wan, suna musu da kalmomin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ban taɓa ganin Inna haka ba tun da ta makance, har abinci ta ƙara ci.

Son labarin ne ya jawo abin. Takwara ta so ta ci gaba da ji in ta koma, sai ta nemi mutumin a portabul ɗinta, wato wayar hannunta. Ta samu labarin, ta kuma samu wani bidiyo nasa, wanda aka yi wa rubutun fassara a ƙasa. Da safe ina dama kunu ta zo ta tsaya a kaina, ta miƙo mini. Mutumin ne zaune a wani taro, ana tambayarsa game da ƙasashen da suka halatta auren jinsi ɗaya. Ya ce bai yarda ba, addini bai yarda ba. Da a nan ya tsaya da ban ga abin nunawa ba. Amma ya ci gaba, ya ba da labarin wani saurayi da aka kama da irin wannan zargin a unguwarsu aka yi wa dukan kawo wuƙa, yana kwaikwayon kukan yaron da wannan muryar tasa mai daɗi, jama'a suna dariya.

Da Faransanci ta ce mini, “Gwaggo, ba zan sake zama inda ake jin muryarsa ba.”

Ta gaya mini tana da aboki tun suna ƙanana, wanda iyayensa suka kore shi daga gida a kan wannan, ya yi watanni yana kwana a falonsu. Ta ce duk lokacin da mutumin ya yi kukan maraƙi yanzu, kukan yaron nan za ta ji.

Ni Musulma ce, 'yar Dakoro, na san abin da addinina ya ce, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce in ra'ayin ne, duk wanda ta tarar a garin nan haka zai ce mata, har da ni, har da mai sayar mata da burodi. Ta ce ta sani, amma mai burodi bai yi dariyar wanda aka daka ba. Ni ma dariyar nan ba ta yi mini daɗi ba. Na ce to, amma kakarta fa? Ta ce ba za ta hana kowa ji ba, ita dai za ta tashi. Ta roƙe ni in yi wa Inna bayani.

In yi wa Inna bayani. Da wane baki? Ni da ko haihuwar akuya ba na iya ambata a gabanta sai da kewaye-kewaye, in zauna in ce mata jikarta tana da aboki kaza, kuma saboda shi take fushi? Na ce zan nemi lokaci. Lokacin bai zo ba, kuma ko yau aka maimaita ban ga ta inda zai zo ba.

Da la'asar Takwara ta zauna a tabarmarta kamar kullum, aka gaisa. Da begen shehi ya fara, sai ta zare hannunta a hankali kamar mai gyara zama, ta tashi ba takalmi, ta koma gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida. Inna ta ci gaba. Da aka zo inda ƙanen ya isa wata rijiya ya tarar ta ƙafe, ta tsayar da rediyo, ta juya dama, ta ce, “Kin ji? Ba ruwa. Ƙahe. Ce ƙahe.” Babu wanda ya ce. Matan suka dubi juna, ɗaya ta yi maza ta ce kunya take ji yau. Inna ta yi murmushi ta kunna. Washegari haka, jibi haka. Tsohuwa tana jan igiya a iska tana koya wa tabarma Hausa, mu kuma muna zaune muna taya ta da ƙarya. Nakan tashi in shiga madafa ba don ina da aiki ba.

A irin wannan la'asar ce Yaya ya shigo ya ga abin da idonsa: rediyo na yi, 'yar Faransa ta tashi ta bar wurin. Fuskarsa ta washe. Ya kira ni gindin bedin, ya ce in tambaye ta ko saboda mutumin nan ne ta tashi. Na tambaya, ta ce eh. Yaya ya yi kabbara.

“Kin gani? Yarinya ta taso a ƙasar Nasara, amma Allah ya ba ta basirar da ku ba ku da ita. Hwaɗa mata na yi murna. Hwaɗa mata wanga mutum ɓatacce ne.”

Na ce mata, “Ya ce shi ma ba ya son mutumin.”

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba ta taɓa zaton za ta sami mai fahimtarta a nan ba, balle shi. Ta ce in gaya masa labarin abokinta, in ce masa ta gode da ya tsaya wa irinsu.

Na dubi Yaya da gemunsa da ɗagaggen wandonsa, mutumin da ya hana yara kallon zane saboda wannan maganar, wanda da ya ga bidiyon nan wataƙila a karo na farko ya ce ɗan ɗarika ya yi daidai. Na ce, “Ta ce ta gode.”

“Duk wannan doguwar magana?”

“Faransanci haka yake, Yaya.”

Suka rabu kowa yana ganin ya sami ɗan'uwa. Ranar kasuwa ya aiko mata da 'yar tunkiya fara da hijabi har ƙasa. Ta ɗauki hoton tunkiyar ta aika wa abokin nata. Na ji an ce har a masallacinsu Yaya ya ba da labarinta, a matsayin abin koyi. Ni kuwa ban san ko in yi dariya ko in kwanta ba, sai na kwanta.

Abin da ban hango ba shi ne ƙarfin gwiwar da ya samu. Da yana ganin shi kaɗai ne, yanzu ga shaida daga Turai. Wata safiya ina wanki ya ɗauki rediyon daga kan pano, ya juya shi, ya mayar. Da la'asar Inna ta danna, sai shuuu, sai tashar gari tana sanarwar ɓatan jaki. Ta danna, ta sake dannawa. Ta laluba gefen da farcenta, ta ji ramin kart ɗin ba komai.

“Wa ya taɓa mani?”

Na ce wataƙila ya faɗi. Ta ce abin da ake turawa da farce ba ya faɗuwa. Sannan ta ce, “Wancan ya shigo da sahe. Na ji takalminshi.” Ba ta ƙara ba. Ba za ta kira shi ta tambaye shi ba, ba ta taɓa yi ba, ba kuma a kan rediyo za ta fara ba. Na jira ta ce in faɗa masa wani abu, ba ta ce ba. Na same shi da kaina a zaure, na yi masa maganar da ban taɓa yi masa ba, ya ce ya jefa kart ɗin a masai, kuma gobe kiyama zan gode masa.

Na so in je wurin masu tura fim a bakin tasha a sake zuba mini. Amma in na kunna, Takwara za ta tashi. In ban kunna ba, ga abin da ya biyo baya: matan unguwa suka zo kwana biyu, aka yi hirar tsadar hatsi, sannan aka fara samun uzuri. Wannan tana da baƙi, waccan ƙafarta. Takwara ta dawo tabarmarta, ta ba da hannunta, amma babu abin faɗa. Inna ta ce, “Zahi.” Takwara ta ce, “Zafi, Inna.” Sai kukan ƙuda kawai. Ta gwada kunna mata waƙoƙi a portabul, Inna ta ce a kashe wannan ƙarar injin niƙa. Ta gwada tambayarta labarin da, ta bakina, amma labarin da ya bi ta tafinta kamar tuwon jiya ne, ana ci don yunwa. Inna takan fara, in tsayar da ita in fassara, kafin in gama ta manta inda take, ta ce a bar shi.

Na gaji a watan nan irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Kowa yana da abin da kunnensa ya fi ƙarfin ji, kowa da hujjarsa, kuma in ka zauna da kowannensu shi kaɗai sai ka ga bai yi hauka ba. Yaya tsoron Allah yake nufi. Yarinyar amanar abokinta take riƙo. Ban ce wa ɗayansu ya bar abin da ya yi imani da shi ba. Amma mutumin da suke hukuntawa yana can garinsu bai san an yi ba, ko ƙwayar gero bai rasa ba. Wadda aka cire wa abu ita ce wadda ba a tambaya ba.

Ranar tafiya Takwara ta durƙusa, Inna ta sake shafa fuskarta, ta daɗe a kai. Ta ce, “Ki hwaɗa mata ta gaida ubanta. Ki hwaɗa mata tunkiyarta na nan.” Yarinyar tana kuka ta ce, da Hausarta, “Guga. Maraƙi.” Inna ta yi dariya ta ce saura ɗaya, ƙahe, ba ta koya ba, amma ba komai.

Bayan kwanaki na je tasha na sayi sabon kart, aka zuba mini labarin tun daga farko har ƙarshe. Na nemo kashin da aka tsaya, na sa mata a hannu da la'asar. Muryar ta fara. Ba a gama begen ba ta danne.

“Zamna,” ta ce. Na zauna a tabarmar dama, don ita ce a shimfiɗe.

“Mi mutumin ga ya yi ma takwarata?”

Na ce ai Yaya ne ya cire.

“Na san na wancan. Shi shehi ne ba shi so, wannan tsohon zance ne. Ita mi ta sani game da shehi? Wani abu ne daban. Ya zagi wani nata?”

Na ce, “Ya yi dariyar wani da aka buga. Tana da aboki irin wanda aka buga ɗin.”

Ban ƙara ba, ita ma ba ta tambayi wane iri ba. Ta juya rediyon a hannunta.

“To shi ne ba a hwaɗa mani ba? Da na kashe shi da hannuna tun rannan. In ba ta labarin rijiyar ubana, ni da na ja guga da gaske. Da ba ki shiga tsakani da Hwaransancinki ba, da hannu ma mun gane juna.”

Na ce mun ji tsoron ranta ya ɓaci in ta san yarinyar tana tashi.

“Kuna cewa ban sani ba? Wanda ba shi gani shina jin numhwashi. Tun ranar hwarko na san tabarmar ba kowa.”

“To Inna, me ya sa kika yi ta magana?”

“Na ce ko tana bayan zana tana jina. In ba ta son muryarshi, ai tawa ba ta yi mata komi ba.” Ta juyo da fuskarta wajena. “Tana ji?”

Takwara a gindin bedi take zama, can nesa da rumfar, da abin sauraro toshe a kunnuwanta biyu don kada muryar mutumin ta iso ta. Na gan ta kowace la'asar.

Na ce, “Tana ji, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini rediyon, ta ce in ajiye shi cikin kwalla, in takwararta ta dawo ta zaɓo musu wanda za su ji tare. Yana nan cikin kwallar. Tunkiyar ta haihu sau biyu.